Bargon Gashin Inna a Rumfar Tasawa

Jikata da ke karatu a Yamai ta zo hutu da wata mujalla ta masu aikin hannu, takardarta sumul kamar an shafa mata mai. Ta zauna gefen tabarmata tana buɗe mani shafi-shafi. Duk hotunan gashin tumaki ne da aka jiƙa aka murza har ya manne ya zama shimfiɗa, an rina shi launi-launi, an rataye cikin wasu fararen ɗakuna da ba komai sai fitilu. Ta ce, "Kaka, kin ga abin da ake yayi yanzu? Har daga wata ƙasa mutane ke tasowa don su kalle shi."

Na ce, "Miƙo nan, ja'ira, kin riƙe shi can nesa kamar zan cinye maki."

Na duba da kyau. Aiki ya yi, ba zan ce bai yi ba. Sai dai ni kowane hoto ta buɗe, so nake a juya mani shi in ga bayanshi. Uwata ta taɓa yin irin wannan aiki, an rataye shi gaban jama'a a Tasawa, ya shiga mujalla shi ma, kuma bayanshi ne ya jawo mana abin da ya jawo.

A garinmu mace ba ta leƙa rumbu. Ba mu kaɗai ba, haka ake yi a duk ƙauyukan da ke kudu da Tasawa a lokacin. Maigida ne ke hawa tsani, ya ɗaga jinkar rumbu, ya jefo damin da za a sussuka, ya mayar da jinka ya sauko. Abin da ya rage a ciki, tsakaninshi da Allah ne. Mace in ta leƙa, ta ce wa mijinta ba ta yarda zai iya ci da ita ba ke nan, kuma akwai auren da ya mutu a kan haka. Babanmu kuwa ba ƙaramin manomi ba ne. Tun yana da ƙarfi aka naɗa shi sarkin noma na garinmu, kuma lokacin fari na farko, ina ƴar ƙarama, daga babban rumbunshi rabin unguwa ta ci. Rumbun nan ya ɗara dangarmu tsawo, daga bakin rijiya ana hango jinkarshi.

Sai fari na biyu ya zo, wanda aka yi lokacin da soja ke riƙe da ƙasa. Na zama budurwa a lokacin, ni ce babba a gaban Inna, da ƙannena uku a bayana. Aka yi shuka ta bushe, aka sake, ta sake bushewa. Wadda ta tsira ba ta kai gwiwa ba ta tsaya. Gwamnati ta fara aiko da kamiyo, babbar motar kaya, ɗauke da jar dawa ta taimako, cikin buhunan algarara masu manyan baƙaƙen boko da shuɗin fenti. Ko wanda bai taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba ya san buhunan nan daga nesa. Ranar da aka fara rabo a ƙofar maigari, aka kira Baba cikin manya. Ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "A ba mabuƙata. Ni gidana akwai tsimi." Tsimi shi ne hatsin shekarun baya da aka rufe aka ajiye. Jama'a suka yi ta sa mashi albarka. Maigari ya ji daɗin maganar har ya mayar da ita abin kirari, duk baƙon da ya zo daga bariki sai ya nuna mashi jinkar rumbunmu.

To, babu tsimi. Ni ban leƙa ba, Inna ba ta leƙa ba, amma kaji sun daina tono ƙarƙashin rumbun, ɓeraye ma sun yi ƙaura. Ranar kasuwa Baba ya kan fita da wani abu a hammata, ya tafi kasuwar nesa inda ba a san shi sosai ba. Babbar rigarshi ta salla ta fara tafiya, sai buta ta tagulla, sai lurun da yake rufa da shi. Da yamma ya dawo da ɗan abin da ya auno a cikin burgami, ya zaga ta bayan rumbu, ya fito ta gaba, ya juye wa Inna a ƙwarya kamar yanzu ya sauko daga tsani. Ita kuma ta durƙusa ta karɓa ta ce, "Allah ya ƙara buɗi, Malam."

Ni abin nan ya ci mani rai. Ƙanena na ƙarshe wuyanshi ya zama kamar sillen kara, ga abinci ana rabawa a ƙofar maigari, mu muna zaune muna gadin rumbu. Wata rana na kasa daurewa na ce wa Inna, "Wai girman kai za mu tuƙa mu ci?"

Tana riƙe da muciya. Ta juyo ta ce, "Sake faɗi in ji."

Ban sake ba. Bakina ba ya shiru tun ina yarinya, amma ba ni da wauta.

Inna ba ta zauna ba kuwa. Tana da yaya namiji a Korgom, kawunmu, yana cikin masu sauke buhuna daga kamiyo, ana sallamarsu da dawa bayan rabon gidanshi. Sai ta ƙirƙiro zuwa gaishe shi. Mu ɗaura wa jaki akumari, wato shimfiɗar da ake sa mashi a baya kafin kaya, mu kama hanya ni da ita. In za mu dawo, Kawu ya zuba mana abin da ya samu a gindin buhu, mu shimfiɗa buhun a bayan jaki, mu lafta itace da kara a kai. Duk wanda ya gan mu sai ya ce sannu da itace.

Tuwon jar dawar nan ba ya ɓoyuwa. Launinshi daban, ƙamshinshi daban, ga shi da kama maƙoshi. A cikin ɗaki muke ci, kuma ba yaron da zai fita sai Inna ta wanke mashi hannu da baki ta duba farcenshi. Baba kuwa a kai mashi akushi, ya buɗe, ya yi bisimilla, ya ci, ya ce alhamdu lillahi. Bai taɓa tambaya daga ina ba. Ita ba ta tambayi abin da ke cikin rumbu ba, shi bai tambayi abin da ke cikin akushi ba. Haka suka riƙe gidan su biyu, kuma duk wahalar da Inna ke sha a hanyar Korgom don abu ɗaya ne: kada garin nan ya san sarkin noma ya ci taimako.

Da sanyi ya shigo sai Baba ya kama tari. Ba shi da abin rufa tun da luru ya tafi kasuwa, cikin ƴar rigarshi yake kwana. Mu yara muna cunkushe ƙarƙashin gwado ɗaya. Ga buhuna sun taru ƙarƙashin gadon Inna, kauri gare su, za su yi maganin sanyi sarai, amma wa zai shimfiɗa wa Baba buhun taimako ya ce rufa?

Akwai wata Buzuwa da suka sauka bayan gari da iyalinta, daga arewacin Mayahi suka taso, wajen Attantane. Dabbobinsu sun ƙare a hanya. Sun saba da Inna a bakin rijiya, Hausarta ras, sai dai ɗan karin harshe. Matar nan tana da wata jakar fata cike da gashin raƙuma, wanda ta riƙa tsigewa daga jikin nasu da suka faɗi. Ba ta san me za ta yi da shi ba, ta dai kasa barinshi a daji. Wata rana ta shigo gidanmu ta tarar Inna na ɗinke akumarin jaki da ya yage. Gashin da aka cusa a ciki tun da daɗewa ya fito a manne, faifai guda, ko an ja ba ya rabuwa. Buzuwa ta ɗauka ta juya shi ta ce, "Zufa ce da gugar kaya. Haka na ƙarƙashin sirdin raƙumi yake yi." Inna ta daɗe tana kallon abin nan a hannunta. Da Buzuwa za ta tafi, Inna ta auna mata dawa a ƙoƙo, kashegari jakar gashi ta iso gidanmu.

Gashin bai isa ba, sai aka tura ni wajen majema. Shekarar nan fata ta yi yawa har ta rasa mai so, gashin da suke kankarewa tsibi-tsibi yake a bayan gidansu. Na kwaso na jar akuya, na farar tunkiya, da baƙi. Wari kuwa, kai, Allah ya raba ku da shi. Muka wanke da toka muka shanya a bayan ɗaki. Inna ta ɗauko bakan shiɓarta da ya daɗe a rataye, tun da babu audugar da za a shiɓa, ta shiɓe gashin ya tashi. Ta farke buhuna ta haɗa su gefe da gefe da basilla, ta shimfiɗa su kan tabarma, rubutu na kallon ƙasa. Ta baza gashin raƙumi a kai, sannan ta bi da sauran, jeri-jeri kamar kunyoyin gona, ja nan, fari nan, baƙi a gefe. Ba don ado ta fara ba, kowane launi ta zuba shi ne inda ya isa. Amma da ta ga ya fara ba da sha'awa sai ta shiga gyara, ta cire nan ta ƙara can, har da wani zagaye fari a tsakiya.

Ta yayyafa ruwan zafi da sabulun salo, muka naɗe tabarma muka ɗaure da igiya, sai taku. Ni ce mai takawa. In taka, in murza da ƙafa, in mirgina daga wannan bango zuwa wancan, a kwance a ƙara ruwa a sake naɗewa. Ruwan ma ba zubarwa muke ba, a matse shi cikin kwatarniya a sake ɗumamawa. Ga yunwa ga taku, har jiri ke ɗibata, ina yi ina ƙunƙuni. Gashin raƙumi ya kama da kyau. Na akuya kuwa taurin kai gare shi kamar mai shi, ya ƙi mannewa, sai da Inna ta bi shi da basilla, ɗinki kusa da kusa, da zaren da ta warware daga bakin buhu. Yatsunta duk suka farfashe.

Da ya bushe, fuskarshi ta yi kyau ƙwarai, ni kaina da nake mita sai da na yi shiru. Amma in ka juya, ga baƙaƙen boko nan shuɗi tar, buhu na bin buhu. Inna ta ɗauko wani tsohon baƙin zanenta, wanda ya sha faci har ba a gane asalinshi, ta rufe bayan da shi ta ɗinke gefuna. Shi kaɗai gare ta da za ta iya rabuwa da shi. Ta ninke bargon ta ajiye kan gadon Baba. Da safe da ya fito alwala ya ce, "Wanga abu da ɗumi yake." Ta ce, "Gashi ne, Malam." Tarinshi ya fara sauƙi.

Rana ɗaya Inna ta shanya shi kan danga don ya sha iska, fuska a waje, sai ga magajiya, shugabar matan gari. Ta tsaya ta riƙe baki. Ashe umarni ya zo daga bariki: za a yi bikin samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, a Tasawa, kowane gari ya kawo aikin hannu a baje, kwamanda mai mulkin yankin da kanshi zai zagaya. Zamanin soja ba a cewa ba mu da shi. Ga masaƙanmu ba zare, marina ta bushe, maigari ya rasa abin da zai kai. Magajiya ba ta tsaya wajen Inna ba, kai tsaye ta kai wa maigari, maigari ya aiko wa Baba. Baba ya ce, "Don wannan? Ku ɗauka." Kuma aka ce shi ma lalle ya zo, don an riga an ba kwamanda labarin manomin da bai karɓi taimako ba, yana son ganinshi.

Na ga fuskar Inna lokacin da Baba ya gaya mata. Ba ta da bakin hanawa, don in ta hana sai ta faɗi dalili. Ta ce, "To, Malam." Ta ɗauki basilla ta sake bin gefunan baƙin zanen nan ɗinki biyu. Ita ta ce ba za ta je ba, ƙafa na damunta. Ni aka haɗa da magajiya in kai. Da za mu tashi ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Ki ce masu a jingina shi da bango. Kada ki bari kowa ya ɗaga zanen nan. Kin ji ni?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Muka isa Tasawa ana gobe biki. An kafa wata doguwar rumfa a filin bariki, an kewaye ta da zana. Samarin samariya na ta kai da kawo, suna karɓar kaya: tabarmi, fayafai, ƙoren da aka yi wa zane, takalman fata, jakunkunan Buzaye. Da na warware bargon suka taru a kai. Shugabansu, wani dogo mai agogo, ya ce wannan shi zai ci gasa. Na ce mashi uwata ta ce a jingina shi da bango, kuma kada a taɓa bayanshi. Ya ce, "Ba komai, ƴan mata, je ki huta." Na so in kwana wajen, magajiya ta ce ba a yi haka ba, ta ja ni gidan ƴar uwarta.

Da safe na riga mutanen garinmu zuwa. Tun daga bakin rumfa na hango shi. Sun ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, sun rataye bargon a tsakiyar rumfa, hanya ta gabanshi, hanya ta bayanshi. Na zaga da gudu. Babu baƙin zane. Buhuna ne tsirara, shuɗin rubutu na ƙyalli.

Na cafki mai agogo na ce, "Ina zanen da ke baya? Uban wa ya ce ku cire?"

Ya fizge hannunshi ya ce, "Ke, lafiyarki? Zana ba ta ɗaukar nauyinshi, shi ya sa muka kawo shi tsakiya. Tsumman nan kuwa ai mutuncinku muka rufa. Kwamanda zai zo, a ce ga aikin garinku da tsumma a baya? Yanzu dubi yadda ya fito tsaf."

Wallahi har cikin ranshi yana ganin alheri ya yi mana. Shi ɗan birni ne, a wajenshi buhu buhu ne, kowa na da shi. Na tambayi inda zanen yake, aka ce wani ya goge benci da shi, ba a san inda ya shiga ba. Na zage su tas, ban bar kowa ba. Na cire mayafina na fara rataya shi a bayan bargon ina ɗaurewa da bakin igiya. Sai wani jandarma ya zo ya yaye shi ya cilla mani, ya ce an gama shiri, ba mai ƙara taɓa komai, in koma cikin mata ko ya fitar da ni. Na koma ina kuka don haushi, magajiya na mintsinina tana cewa in rufa mata asiri.

Aka buga ganguna, kwamanda ya iso. Matashi ne, da baƙin tabarau. A bayanshi sarakuna da masu gari, da wata Baturiya mai na'urar ɗaukar hoto a wuya, da wani mushe, wato malamin lakwal, da ke yi mata tafinta. Baba na cikinsu, kusa da maigarinmu, sanye da rigar aro. Mutanen garinmu da suka zo kallo sun cika gefe guda. Da aka zo kan bargon, mai lasifika ya ɗaga murya ya faɗi sunan garinmu, ya ce aikin matar sarkin noma ne, sarkin noman da ya ce a ba mabuƙata shi gidanshi akwai tsimi. Aka yi tafi. Baturiya ta rikice, tana shafawa tana magana da sauri. Mushe ya ce wai ita ma irin aikin da take yi ke nan a ƙasarsu, da gashin tumaki, ba ta taɓa zaton za ta same shi a nan ba. Sai ta zaga baya don ta ga yadda aka ɗinke. Ta yi wata ƙara ta murna, ta kira kwamanda. Kowa ya bi.

Kwamanda ya cire tabarau, ya karanta rubutun buhun da Faransanci, ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, abin dai ya ba shi dariya. Ya juyo ya ce, "Sarkin noma, ba kai ne aka ce mani ko tiya ba ka karɓa ba?"

Maigarinmu ya duƙa yana duban wata ƙwarya kamar zai saya. Baba ya matsa kusa. Ya daɗe yana kallon buhunan nan, ya sa yatsa ya bi layin ɗinkin Inna. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ban karɓa ba. Amma na ci."

Kwamanda ya dafa kafaɗarshi ya ce ba laifi, don a ci aka kawo, ya wuce wajen takalma. Shi a wajenshi magana ta ƙare. Bargon ya zo na ɗaya. Aka kira ni na karɓi turmin atamfa a madadin Inna, aka ce bargon zai wuce Maraɗi, daga can Yamai, in an gama za a maido. Ba wanda ya tambaya ko mai shi na da wani abin rufa.

A hanyar komawa mutanen garinmu suka yi ta hirar kokawa da rawar samari. Ba wanda ya ambaci bargo, ko ɗaya. Da ma sun yi magana, da ya fi mani sauƙi. Baba na gaba, mu muna baya, bai waiwayo ba har gida.

Da la'asar muka shiga. Inna na tsakar gida, ta dube ni, ta dubi atamfar da ke hannuna, ta gane. Baba bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba. Ya ɗauko tsani ya jingina da babban rumbu, ya hau, ya ɗaga jinkar gaba ɗaya ya turo ta ƙasa. Ya sauko ya ce wa Inna, "Zo ki duba."

Ta ce, "Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban leƙa ba. Ba yau zan fara ba. Ka mayar da jinka, ana hange daga rijiya."

Ya ce, "A hanga."

Bai mayar ba. Rumbun ya zauna baki buɗe, duk mai zuwa ɗiban ruwa na gani. Da kamiyo ya sake zuwa, Baba ya ɗauki burgaminshi ya tafi ƙofar maigari ya shiga layi. Maza suka matsa za su ba shi gaba, ya ce a'a, ya tsaya inda ya tarar. Ni, gaskiya, na ji daɗi, don daga ranar muka fara ƙoshi, kuma aka huta da hanyar Korgom. Inna kuwa ranar ta shiga ɗaki ta yi kukan da ban taɓa ji ta yi ba duk tsawon yunwar nan. Mutane ba su daina ce mashi sarkin noma ba, amma shi ya daina amsawa da ƙarfi, kuma bai ƙara zama sahun gaba a ƙofar maigari ba.

Atamfar nan Inna ta saka ta cikin kwalla ta rufe. Ni kuwa zane ɗaya gare ni, in na wanke sai in zauna ɗaki ya bushe. Na yi ta zagaya maganar, in ce atamfa na cin kanta in ta daɗe a ninke, in ce ai ni na taka gashin. Ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Sai da aka yi damina, aka samu ɗan abin da aka samu, sanyi ya sake kusatowa, sannan mushen nan ya zo garinmu da bargon a ɗaure bayan keke. Ya zo da wata mujalla da Baturiya ta aiko. Ya buɗe mana a zaure. Hoto biyu ne, na fuska ƙarami a gefe, na baya ya cika shafi guda, kowane harafi na buhu ya fito raɗau. Ya ce an yaba ƙwarai, an ce mai aikin ta nuna wa duniya yunwar ƙasarta. Na yi tsaki na ce, "Nunawa? Matar da ta farfasa yatsunta wajen ɓoyewa?"

Inna ta ce in yi wa baƙo shiru. Ta tambaye shi su wa ke ganin wannan takarda. Ya ce mutanen ƙasashe masu nisa. Ta ce, "To, da sauƙi. Can ba su san Malam ba."

Da baƙo ya tafi ta kakkaɓe bargon, ta shimfiɗa shi tsakar gida, rubutu na kallon sama. Ta shiga ɗaki ta fito da atamfa da reza da basilla. Ta warware turmin nan sabo fil, ta auna shi a bayan bargo, ta sa reza. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Tasawa ta gani, Maraɗi ta gani, Yamai ta gani, Turawa sun buga a takarda. Rumbu na nan baki buɗe. Ni ba ni da zane na biyu. Yanzu kuma wa kike ɓoye wa?"

Ba ta ɗago ba. Ta lashi bakin zare ta zura a basilla, ta ce, "Babanku zai rufa da shi. Riƙe mani wancan gefen."

Na riƙe.